Kunnen Gwamnati: Kukan Wa Yake Ji, Na Wa Yake Tsallakewa?

A shekarar 2005 an yi kuka biyu a ƙasar Nijar, kuma gwamnati ɗaya aka yi wa su. Na farko na mutanen birni ne. A farkon shekarar, dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har da ruwan famfo da wutar lantarki. Ƙungiyoyin fararen hula suka haɗa kai, suka cika titunan Yamai ranar 15 ga Maris, daga baya suka kira zaman gida. Kasuwanni suka rufe a Yamai da Maraɗi da nan Damagaram. Aka kama jagororin tafiyar aka tsare, amma wutar ba ta mutu ba. Kafin watan Afrilu ya fita, gwamnati ta zauna da su, ta janye harajin daga kan yawancin kayan.

Kuka na biyu na ƙauye ne. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka a wurare da dama, rumbuna suka ƙare tun bazara ba ta kankama ba. Kuɗin buhun hatsi ya ninka. A ƙasar Tanut da Gure da Mirya da Magarya mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki, suna zubar da ruwan ɗacinta kafin su ba yara, makiyaya kuma suna sayar da dabbobinsu a wulaƙance. Gwamnati ta tsaya a kan sayar da hatsi da rahusa ga mutanen da ko kuɗin rahusar ba su da shi. Ba a fara rabon abinci kyauta gadan-gadan ba sai da damina ta yi nisa, bayan hotunan yaran da suka rame sun zagaya duniya. A watan Agusta shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, mutane ma da alamar ƙoshi a jikinsu. A wannan shekarar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi jinyar yara sama da dubu 60 masu fama da tamowa mai tsanani.

Abin da ya sa wannan shekara take tsaya mini a rai shi ne, a lokacin babu wani kayan aikin dimokuraɗiyya da Nijar ta rasa. An yi zaɓen kansiloli a watan Yulin 2004. An sake zaɓen Tandja a watan Disamba, kuma ƙuri'un mutanen karkara ne suka fi ɗaga shi. Akwai majalisar dokoki, akwai jam'iyyun adawa, akwai gidajen rediyo masu zaman kansu, har an kafa majalisar tuntuɓar juna ta jam'iyyu, CNDP, a shekarar 2004. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya ci kyautar Nobel a 1998, ya shahara da hujjar cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma 'yan jarida suke da bakin magana, don mai mulki yana tsoron ranar da zai koma neman ƙuri'a. Hujjar tana da ƙarfi, amma abin da ya faru da mu ya nuna inda take da rauni. Zaɓe ya riga ya wuce da wata huɗu ko biyar, na gaba sai bayan shekara biyar. Mai shago a kasuwar Dole ta Damagaram yana iya kulle shagonsa gobe da safe, baitulmali ya ji a jikinsa. Manomin Belbeji ba shi da abin da zai kulle.

Nan ne zancen sauraro a siyasa yake rabuwa da zancen ladabi. Mutane da yawa idan aka ce shugaba mai sauraro ne, abin da suke nufi shi ne mai haƙuri, mai sakin fuska, wanda ba ya katse mutum. Wannan hali ne mai kyau, amma ba a gina ƙasa a kan halin mutum ɗaya. Abin dubawa shi ne hanyar da magana take bi daga bakin talaka zuwa teburin da ake yanke hukunci, da abin da yake samun mai mulki idan ya toshe kunnensa. Idan toshewar ba ta jawo masa asarar komai, to ko waliyyi ne wata rana zai toshe, don aiki ya yi masa yawa kuma masu kusa da shi sun fi na nesa ƙarfin murya.

Mu bi maganar a hanya mu ga yadda take lalacewa. Mai gari ya je wurin shugaban kanto ya ce hatsi ya ƙare, mutane sun fara tashi. Shi kuma ya kai wa prefe cewa akwai ƙarancin abinci a wasu garuruwa. Prefe ya rubuta wa gwamna cewa akwai 'yar matsala amma ana ɗaukar matakai. Kafin takardar ta yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai, ta zama "al'amura suna tafiya daidai". Babu wanda ya yi ƙarya tsagwaronta a cikinsu. Kowa ya rage kaifin maganar kaɗan ne, don daga sama aka naɗa shi, kuma ya san mai kawo labari maras daɗi ba ya daɗewa a kujera. Shi ya sa ɗan adawa da ɗan jarida da alƙali da ɗan ƙwadago suke da amfani ga mai mulki fiye da yadda yake tsammani. Su ne hanyoyin da labari yake iya bi ya iso gare shi ba tare da ya ratsa ta hannun wanda abincinsa yake hannun shugaban ba. Mai mulkin da ya rufe su ya yanke wa kansa labari, ya rage daga shi sai masu ce masa ranka ya daɗe.

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san yadda ake taron da ake kira na jin ra'ayin jama'a. Tun da hantsi an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an fito da 'yan lakwal sun yi layi cikin rana. An ce baƙo zai iso ƙarfe tara, sai bayan azahar ake jin jiniya. Makaɗa su buɗe, maroƙi ya wasa baƙon da iyayensa da kakanninsa. A yi jawabin maraba, a yi na godiya, baƙon ya karanta nasa da Faransanci, tafinta ya dunƙule shafi biyar cikin jimla uku. Sannan a kira wakilin matasa da wakiliyar mata, waɗanda aka zaɓa tun jiya, aka kuma duba takardarsu aka cire abin da zai ɓata wa baƙo rai. Can baya wani dattijo ya ɗaga hannu, ya daɗe yana ɗagawa, sai wani mai ɗauke da waya biyu ya matso ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, lokaci ya ƙure, baƙo zai kama hanya." Da dare talabijin ta nuna taron, ta ce jama'a sun bayyana goyon bayansu. Irin wannan taro kamar famfon unguwa ne a watan Afrilu: ka murɗa, ka ji yana huci, ka tara bido, iska ce kawai take fita.

Ɓarnar irin wannan taro ta wuce ɓata lokaci. Dattijon nan ya koma gida da darasi, cewa magana ba ta da amfani. Gobe idan aka kira shi taron gaskiya ba zai zo ba. Baƙon kuma ya koma Yamai da yaƙinin ya ji jama'a.

Sauraro ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ba Turawa suka kawo shi ba. Alƙur'ani ya umurci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi shawara da sahabbansa, ya kuma yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu. Malaman tarihi sun kawo yadda aka canza wurin sauka a Badar bisa shawarar Hubabu ɗan Munzir game da rijiyoyi, da yadda aka haƙa gwalalo a Madina bisa shawarar Salmanul Farisi, da yadda shawarar Ummu Salama ta warware ƙulli a Hudaibiyya. A duka ukun, magana ta canza abin da aka yi. A sarautar gargajiya ma, ƙofar fada a buɗe take ga mai ƙara, kuma har yau mutane suna kai rikicin gona da na gado da na aure fadar Sarkin Damagaram da gidajen masu unguwa, don a can za a bar mutum ya faɗi zancensa da harshensa tun daga farko har ƙarshe. Sai dai a tsarin da, jin kukan talaka alheri ne na sarki. In ya yi, a gode masa. In bai yi ba, abin da ya rage wa talaka shi ne ya ɗaure kayansa ya ƙaura ƙasar wani sarkin. Abin da dimokuraɗiyya ta yi alkawari shi ne ta mayar da wannan alheri ya zama haƙƙi, wanda mutum zai nema yana tsaye, kuma idan an hana shi yana da inda zai kai ƙara da ranar da zai rama da ƙuri'arsa.

Mun taɓa ɗanɗana wannan. Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, wanda ɗan Damagaram Farfesa André Salifou ya jagoranta, shi ne karon farko da mutane suka kasa kunne a rediyo suna jin ana tambayar manyan hafsoshi da ministoci abin da suka aikata, suna ba da amsa. Amma ko a wannan taron sai da aka yi faɗa kafin a ji wasu. A kwamitin share fagen taron mace ɗaya tak aka sa. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi tattaki zuwa fadar firaminista, aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar har yau. Manoma da makiyaya, waɗanda su ne mafi yawan 'yan ƙasa, ba su yi irin wannan tattakin ba, kuma muryar ɗalibai da 'yan ƙwadago da 'yan boko ce ta cika zauren.

Abin da ya biyo baya ya nuna wani ɓangaren matsalar, wato 'yan siyasa su saurari junansu. Mahamane Ousmane, shi ma ɗan garin nan, ya ci zaɓe a 1993 da taimakon ƙawancen jam'iyyu. Ƙawancen ya watse a 1994, zaɓen 'yan majalisa na Janairun 1995 ya ba 'yan adawa rinjaye, Hama Amadou ya zama firaminista. Kusan shekara guda shugaban ƙasa da firaministansa suna jayayya a kan wa zai tsara ajandar taron ministoci, wa zai naɗa wa, har taron ma ya riƙa gagara. Kowane ɓangare yana da lauyoyinsa da ayar tsarin mulkin da yake jawowa. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kwashe su duka. Mutane biyu da jama'a suka zaɓa sun kasa zama ɗaki ɗaya su ji juna, ƙasa ta biya kuɗin.

Akwai kuma sauraro na bogi, wanda ya fi rashin sauraro haɗari, kuma daga nan yankin misalinsa mafi girma ya taso. A watan Oktoban 2008, wajen aza harsashin matatar man fetur, aka fara jin kiran tazarce da ƙarfi. Daga nan sai jerin gwano gari-gari, ana roƙon Baba Tandja ya ci gaba don ya ƙarasa ayyukansa. Ba na musun cewa mutanen karkara da yawa suna ƙaunarsa da gaske, don sun ga rijiyoyi da ɗakunan shan magani da azuzuwan da shirinsa na musamman ya gina. Hujjarsa kullum ita ce jama'a suka nema, shi kuwa ba zai ƙi jin jama'a ba. To amma kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce hanyar da ya ɗauko, ta sauya tsarin mulki da ƙuri'ar raba gardama, ba ta halatta ba. Majalisar dokoki, wadda Mahamane Ousmane yake shugabanta a lokacin, ba ta tare da shi, sai ya rushe ta ranar 26 ga Mayun 2009. Ya rushe kotun ranar 29 ga Yuni. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi yajin aiki, 'yan adawa suka ƙaurace, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, aka ce sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba: ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojojin Salou Djibo suka shiga fada ana tsakiyar taron ministoci.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, taron jama'ar da aka kwaso a motoci aka raba wa atamfa da jika-jika ba zai gaya maka komai ba sai abin da ka aiko a faɗa. Muryarka ce take dawo maka. Ana gane mai sauraro ne ranar da aka ce masa a'a, daga bakin wanda yake da hurumin faɗin a'a ɗin. Wani abin lura kuma, sojojin da suka hau a 2010 su ne suka fito fili suka ce akwai yunwa a ƙasa a wannan shekarar, suka nemi taimako da wuri. Wannan ba hujja ba ce ta cewa kaki ya fi farar hula kunne. Abin da ya nuna shi ne, sabon hawa ba shi da abin ɓoyewa, don laifin na wanda ya sauka ne. Gwajinsa yana zuwa ne idan matsalar ta zama tasa.

Idan ana neman kukan da ya fi kowanne tsufa a garin nan, ruwa ne. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan ƙasa ba ya samuwa da sauƙi, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake kawowa na mayar da babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Daga Gogo da Machaya aka jawo, aka ƙara da Arunguza, aka ƙara da Ganaram, garin kuma yana ta faɗaɗa yana wuce abin da aka jawo. Duk wanda ya yi bazara a Garin Malam ko Kara-Kara ko sababbin unguwannin bayan gari ya san layin bidoji masu ruwan ɗorawa da ake jerawa tun dare, da yarinyar da ake tasa ƙarfe uku don an ce ruwa ya zo, da yadda kuɗin kurar 'yan garuwa yake hawa idan zafi ya tsananta. Babu ɗan takarar da ya taɓa zuwa nan bai yi alkawarin ruwa ba. Ke nan an ji. Abin da ba a cika yi ba shi ne a dawo a ba da amsa: ga yawan ruwan da garin yake buƙata a yini, ga abin da ake samu, ga kuɗin da aka ware, ga inda aikin ya tsaya da dalili, ga ranakun da kowace unguwa za ta samu. Mutanen garin nan suna da haƙuri, sun kuma san ƙasa ba ta da kuɗi kamar ƙasa. Abin da yake cin ransu shi ne a yi shiru, sai kamfen ya zo a sake karanta musu alkawarin kamar yau aka fara jin sa.

Wannan ya kawo mu kan abin da wasu masu mulki suke fakewa da shi, cewa ai ba za a iya biya wa kowa buƙatarsa ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce sauraro biyayya ne. Manomi yana son hatsi ya yi tsada, ma'aikaci yana son ya yi araha. Makiyayi yana son burtali ya faɗaɗa, mai gona yana son ya matse. Dole wani ya ji abin da ba ya so. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin a ce maka a'a bayan an maimaita hujjarka daidai yadda ka kawo ta, an nuna maka inda ta gaza, da a wuce ka kamar ba ka yi magana ba. Na farko yana komawa gida da ɓacin rai amma yana jin shi ɗan ƙasa ne. Na biyu yana fara neman wata hanyar da za a ji shi.

Mun ga wannan hanyar. An buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamban 2011, mai tace ganga dubu 20 a yini, a arewa da garin. Matasa sun sa rai da aikin yi da man fetur mai araha, sai suka ga kuɗin lita bai sauko yadda suka zata ba, 'yan ruwa-ruwa masu sayar da man Najeriya a kwalabe sun fi gidan mai sauƙi. A farkon Disamba gari ya rikice, mutum biyu suka rasa rayukansu. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa da halartar shugaba Mahamadou Issoufou gangamin da aka yi a Paris bayan harin da aka kai wa jaridar, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, maƙwabtanmu Kirista da aka girma tare da su suka gudu daga gidajensu. Babu uzurin da zai wanke wannan ta'asa, kuma gwamnatin da za ta bi son ran masu ƙone-ƙone ba sauraro take yi ba. Sai dai ya kamata a tambaya, samarin pale, wato gungun matasan unguwa, da 'yan fadar shayi da suka cika titi a ranakun, wa ya taɓa zama da su a ranar da ba a buƙatarsu? 'Yan siyasa sun san hanyar unguwanninsu lokacin kamfen, a ba su kuɗin shayi da na man babur su cika fili ko su tarwatsa na abokin hamayya. Bayan zaɓe lambar wayar ba ta shiga. Saurayin da ya gane cewa ba a juyowa a dube shi sai ya ƙona taya, an koya masa mugun karatu, kuma waɗanda suka koya masa suna sanye da manyan riguna.

Ba duka laifin yake kan masu mulki ba. Mu ma da muke zaune a fada muna jiran shayi na biyu, sau nawa muke barin wanda ba ɗan jam'iyyarmu ba ya kai ƙarshen maganarsa? A da ana cewa wane ɗan adawa ne, wane ɗan gwamnati ne, a rufe kunne. Yanzu sunayen sun koma ɗan kishin ƙasa da maci amana, kunnen dai a rufe yake. Saƙon murya na WhatsApp ya ba wanda bai yi lakwal ba damar faɗin ra'ayinsa ga dubban mutane, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma kowa yana tura abin da ya yi daidai da ransa ne ga waɗanda ransu ya yi daidai da nasa. Abin mamaki, tun 1962 ƙasar nan ta ƙirƙiro ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda ake taruwa a gari a saurari shiri tare, a tattauna, mai kula da ƙungiyar ya naɗi muryoyin mutane a aika Yamai a sa a iska. Manufar gwamnatin lokacin ce take tafiyar da abin, amma dabarar tana da kyau: mutane su ji abu ɗaya a wuri ɗaya, su yi gardama ido da ido, muryarsu kuma ta koma sama. Shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon garin nan su ne magadan wannan, kuma sun fi armashi ranar da aka zaunar da jami'i a ɗakin watsa shiri ya amsa da bakinsa.

Yau muna cikin wani yanayi dabam. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Mohamed Bazoum, wanda shi ma a yankin nan ya tashi. Matasa da yawa sun fito murna, kuma duk mai son fahimtar dalili sai ya tuna shekarun da aka yi ana hana zanga-zanga, da kama jagororin fararen hula a 2018 kan dokar haraji, da katse intanet na kwanaki bayan zaɓen 2021, da ƙorafin zaman sojojin waje da aka daɗe ana yi ba a kula ba. Mutane sun ji cewa akwatin zaɓe yana nan amma kunne babu. Sababbin mahukunta sun amsa wasu daga cikin waɗannan koke-koke, musamman na sojojin Faransa da na Amurka. A ɗaya gefen kuma, an dakatar da RFI da France 24 a 2023, an rushe majalisun kansiloli a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo, an dawo da hukuncin ɗauri kan abin da mutum ya rubuta a intanet, an rushe jam'iyyu a Maris 2025 bayan babban taron watan Fabrairu, aka kafa majalisar ba da shawara. Moussa Tchangari, wanda aka kama a 2005 zamanin Tandja, aka kama a 2018 zamanin Issoufou, an sake kama shi a Disamban 2024. Majalisar shawara tana iya faɗin gaskiya idan mambobinta suna da zuciya, amma wanda aka naɗa ba ya iya tilasta wa wanda ya naɗa shi, kuma mun riga mun ga abin da yake samun labari idan duk hanyoyinsa ta hannun naɗaɗɗu suke bi.

Kundin tafiyar da ƙasa da sojoji suka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Idan da gaske ake, wurin da za a fara gani shi ne kasafin kuɗin kowace komin a karanta shi a rediyo da harshen da masu biyan haraji suke ji, kuma a yankin nan wannan ya haɗa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci, don Bahaushen da ya sha wuyar Faransanci bai kamata ya ɗora wa wani irin wuyar ba. A ganina kuma, duk lokacin da za a koma zaɓe, na kansiloli ya kamata a fara da shi tun kafin na shugaban ƙasa. Kansila a unguwa yake kwana, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna da jana'iza, matarsa a famfo ɗaya take layi da matan da suka zaɓe shi. Zaman majalisar komin a buɗe yake ga jama'a bisa doka, ko da yake kaɗan ne suka san haka, kaɗan ne kuma aka taɓa gayyata. A sanar da ranar zaman a rediyo da bakin masu shela, a ware lokacin da mazauna unguwa za su yi tambaya ba tare da an duba takardarsu tun jiya ba, a rubuta tambayoyin, sannan zama na gaba ya buɗe da amsoshinsu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda amsarsu ita ce babu kuɗi bana.